Game of Thrones: Me ya sa muke yi wa wasu azzalumai uzuri, wasu kuma mu tsine musu?

Bakatsine01:
Assalamu alaikum jama'a. Wanda bai gama kallon Game of Thrones ba, fim ɗin nan mai dogon zango na rikicin sarauta, ya tsallake wannan, don zan tona labarin tun daga farko har ƙarshe.

Tun watan Mayu na 2019, da aka haska kashi na 5 na zango na 8, inda Daenerys, sarauniya mai dodanni, ta ƙone birnin King's Landing bayan an riga an kaɗa ƙararrawar miƙa wuya, har yau mutane ba su daina cewa marubuta sun ci amanarta ba. Wai mace mai tausayi aka mayar mahaukaciya dare ɗaya. Har takardar koke aka buɗe a intanet, sama da mutum miliyan ɗaya suka sa hannu wai a sake zangon gaba ɗaya.

Ni tambayata, yaushe ne ba ta ƙona mutane? A zango na 1 ta ɗaure Mirri Maz Duur a jikin itacen da za a ƙona gawar mijinta Drogo, ta cinna mata wuta da ranta. A Qarth ta kulle mutum biyu a ɗakin ajiyar dukiya ta bar su su mutu a ciki. A Meereen ta gicciye mutum 163 ba shari'a ba bincike. Ta ƙone shugabannin Dothraki a ɗakin taronsu. Ta ƙone Randyll Tarly da ɗansa Dickon, fursunonin yaƙi, don sun ƙi durƙusa mata. Duk wannan muna tafi muna cewa uwar dodanni ta iso. Amma da Cersei, sarauniya 'yar gidan Lannister, ta tashi babban wurin ibada da koriyar wuta, wato wani sinadari mai fashewa, kowa ya ce la'ananniya ce. Mene ne bambancin, in ba cewa ɗaya muna sonta, ɗaya ba ma so ba?

Gimbiyar_Arewa:
Wa alaikumus salam. Yaya Bakatsine, ka kawo 163 amma ka ɓoye mafarinta. Masu bayin Meereen ne suka fara gicciye yara bayi 163, ɗaya a kan kowane mil na hanyar da za ta bi, kowanne an miƙe masa hannu yana nuna birnin. Ta ce kada a binne su sai ta ga fuskar kowane yaro. Abin da ta yi ramuwa ce, kai da kai. Waɗanda Cersei ta kashe fa, me suka yi? Ranar shari'arta ce, ta ƙi zuwa, ta hallaka masu shari'ar da 'yan kallo da surukarta Margaery da baffanta Kevan da mutanen unguwa, tana tsaye a bakin taga tana kurɓar giya. Ɗanta Tommen ya faɗo daga bene don baƙin ciki, ita kuwa ta haye karaga. Don Allah kada ka haɗa su a faifai ɗaya.

Sarkin_Gardama:
Ranki ya daɗe, kisasi ai wanda ya yi kisan ake kashewa, ba a cike gurbi da duk wanda hannu ya kai gare shi. Kin manta Hizdahr ya zo gabanta yana roƙon a ba shi gawar mahaifinsa ya binne? Ya ce mahaifin nasa yana cikin waɗanda suka yi adawa da gicciye yaran, aka rinjaye shi. Shi ma ta gicciye shi. Kuma tun kafin a buga ƙusa ta farko tsoho Barristan, mai tsaron lafiyarta, ya ba ta shawarar ta yi afuwa, ta ƙi. Bayan an kashe Barristan ɗin, ta kamo shugabannin manyan gidaje, ta tura ɗaya gaban dodanni suka ƙone shi suka cinye, ita da bakinta tana cewa ba ta san ko mai laifi ne ko ba shi ba ne.

Gimbiyar_Arewa:
Mai cinikin bayi ne dai ko?

Sarkin_Gardama:
Shi ne. To a yi masa shari'a a kan bauta. Amma ba da wannan laifin aka kashe shi ba.

MamanIlham:
Ni ban yarda cewa tun can haka take ba. Ku tuna ƙarshen zango na 4, lokacin da makiyayi ya kawo ƙasusuwan 'yarsa 'yar shekara uku ya ajiye a gabanta, ya ce baƙin dodon ne ya ƙone ta. Me ta yi? Ta kai biyun da suka rage ƙarƙashin ƙasa ta sa musu sarƙa da hannunta tana kuka, alhali su take kira 'ya'yanta. Saboda yarinya ɗaya tak. Matar da ta yi wannan ita ce za ta bi lungu-lungu tana ƙone mata masu goyo bayan birni ya sallama? Kuma ta bar yaƙin karagarta ta kai rundunarta Arewa ta yaƙi matattu, ta rasa amintaccenta Jorah, ta rasa dodo. A'a, abin bai hau ba.

Malam_Na_Littafi:
Maman Ilham tana da gaskiya ta wani gefe, Bakatsine ma yana da ita. Bari in ɗan yi tsawo, a yi mini haƙuri.

Alamun suna nan tun da wuri. A zango na 1 Drogo ya tsaya gaban jama'a ya yi rantsuwa zai haye teku ya rushe gidajen dutse, ya yi wa mata fyaɗe, ya kwashi yara bayi. Ku koma ku kalli fuskar Daenerys a wurin, murna take. Ƙauyen su Mirri Maz Duur da aka kai wa hari, don a samu bayin da za a sayar a sayi jiragen da za su kai ta karagarta aka kai shi. Matar nan mahaya uku suka yi mata fyaɗe kafin Daenerys ta “cece” ta, an ƙone ɗakin ibadarta, an kashe mutanen da take yi wa magani. A wurin mutanen ƙauyen nan Mirri jaruma ce, amma mu mayya muka ɗauke ta saboda ta bangaren Daenerys muke kallo. A ƙofar Qarth ta yi barazanar ƙone birane ƙurmus. A zango na 6 ta ce za ta mayar da biranen masu bayi turɓaya, mashawarcinta Tyrion ne ya taka mata birki.

A littattafan George R. R. Martin ma, waɗanda aka gina fim ɗin a kansu, abin ya fi haka duhu. A Astapor umarnin da ta bayar shi ne a kashe duk mai sanye da tufafin iyayengiji, a bar yaran da ba su kai shekara 12 ba. Wato ɗan shekara 13 jininsa ya halatta. A Meereen ta ba da izini a azabtar da wani mai sayar da giya da 'ya'yansa mata don a samu bayani.

Inda na bi Maman Ilham shi ne gaggawa. Zango shida na farko kowanne kashi 10 ne, na 7 kashi 7, na 8 kashi 6. Daga mutuwar Jorah zuwa sare kan Missandei, aminiyar Daenerys, zuwa ƙone birni kashi uku ne kacal a jere. Hanyar da ya kamata a bi a hankali aka bi da gudu. Amma hanyar tana nan, ba ƙirƙiro ta aka yi a ranar ba.

Ɗan_Damagaram:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda nake so. Ni a ganina ba Daenerys ce ta canza a kashi na 5 ba, kyamara ce ta sauko ƙasa. Duk ƙone-ƙonen baya daga sama muke kallo, ko daga bayanta, ga kiɗan Ramin Djawadi yana tashi tsigar jiki na tashi. A Astapor ka ga fuskar matar wani ubangida tana neman ɗanta? Ba ka gani ba. A King's Landing kuwa tun da ta fara feshin wuta ba a ƙara nuna fuskarta ba, aka sa mu bi Arya cikin toka da hayaƙi tare da wata uwa da 'yarta. Aikin iri ɗaya ne, wurin tsayuwarmu ne ya bambanta.

MamanIlham:
Ba iri ɗaya ba ne, ɗan'uwa. Can masu bulala ta kashe, nan waɗanda ake yi wa bulalar.

Talakan_Birni:
Ku bar Daenerys ta huta, ku zo mu duba “mutanen kirki”. Wa ya tuna Olly? Yaron nan yana tsaye aka harbe mahaifinsa da kibiya, aka kashe mahaifiyarsa, wani ƙato ya ce masa zai cinye gawarsu. Cikin waɗanda suka kai harin akwai Ygritte, masoyiyar Jon Snow, akwai Tormund. Daga baya Jon ya buɗe wa mutanen nan ƙofar Katanga, wato babbar ganuwar ƙanƙara da ke kare iyakar Arewa. Yaro ya shiga cikin masu soke Jon, Jon ya tashi daga mutuwa ya rataye shi. Duk duniya aka yi ta zagin Olly ana murna. Tormund kuwa ya zama ɗan barkwancinmu, muna dariya yana kashe wa Brienne ido.

Sandor Clegane ya bi yaron mahauci, Mycah, da doki ya sare shi tun a kashi na 2. Ya ƙwace kuɗin manomin da ya ba shi masauki da abinci. Jaime ya turo Bran daga hasumiya, ya kashe ɗan'uwansa Alton a kurkuku don ya samu hanyar gudu. Theon ya sa an kashe yara biyu na gona, aka ƙone gawarsu aka rataye a matsayin Bran da Rickon. Da aka gano ba 'ya'yan Stark ba ne sai muka yi ajiyar zuciya muka ce alhamdulillahi. Yaran biyu fa? Ba 'ya'yan kowa ba ne, shi ke nan.

Anti_Larai:
Wannan magana ta Theon ta dake ni wallahi. Ko a lokacin da ake ta cewa ya tuba ya wanke kansa, gidan Stark ake nufin ya biya bashi.

Kwamared:
Duk surutunku, sarki ɗaya ne na gaskiya a labarin nan, Stannis Baratheon. Shi ne magajin Robert na halal tunda 'ya'yan Cersei ba na Robert ba ne. Shi kaɗai ya amsa kiran masu gadin Katanga lokacin da sauran sarakuna suka yi kunnen uwar shegu. Mutum ne da ba ya karkata. Davos ya shigo masa da albasa da kifi lokacin da aka yi musu ƙawanya suna mutuwa da yunwa, ya ba shi sarauta saboda alherin, ya kuma datse masa kan yatsu saboda fasa-ƙwaurin da ya daɗe yana yi. Wannan shi ne adalci.

Anti_Larai:
Kwamared, ƙanina, ka ji tsoron Allah. Mutumin da ya ƙone 'yarsa ta cikinsa? Shireen tana kiran baba, tana kiran mama, yana tsaye ƙiƙam. Ni daga ranar na daɗe ban koma kan fim ɗin ba, don ina da 'ya sa'arta a lokacin.

Kwamared:
Anti, wannan aikin masu fim ne. A littafi Stannis bai ƙone ta ba, ya bar ta a Katanga ya tafi yaƙi. Kuma ko a fim ɗin matsafiyarsa Melisandre ce ta hure masa kunne.

Sarkin_Gardama:
Kwamared, kafin Shireen fa? Ya kashe ƙaninsa Renly da tsafi. Ya ƙone ɗan'uwan matarsa, Axell Florent, a bakin teku don ya ƙi barin addininsa. Ya so ya ƙone Gendry, ɗan yayansa, sai da Davos ya sace yaron ya sa shi a kwalekwale. Ya sa Mance Rayder a wuta don ya ƙi durƙusawa, daidai abin da Daenerys ta yi wa su Tarly. Duk waɗannan ba ku ce uffan ba, sai da wuta ta kai kan yarinyar da muka sani muke so, mai koya wa Davos karatu.

Bakatsine01:
Ku lura da abin da Kwamared ya yi yanzu, don shi ne ainihin abin da na kawo. Ya ɗauke laifi daga kan Stannis ya ɗora wa Melisandre. Masoyan Daenerys su ce Tyrion ne ya yi ta ba ta gurguwar shawara, Varys ya ci amanarta, Sansa ta ƙi ta, Jon ya juya mata baya. Masoyan Aegon a House of the Dragon, fim ɗin tarihin kakannin Daenerys, su ce Otto ne da Alicent. Ba a mugun sarki sai mugun bafade ke nan. Ni kuwa na ce wanda ya ce a kunna wutar shi ne mai wutar.

Alhaji_Lissafi:
Ni ba na ɓoye-ɓoye, Tywin Lannister, mahaifin Cersei da Tyrion, shi ne gwanina, kuma ba zan ɗora wa bafade komai ba. Eh, shi ya shirya kisan da aka yi wa Robb Stark a wurin biki. Amma ku amsa tambayar da ya yi wa Tyrion: me ya sa kashe dubbai a fagen fama ya fi daraja a kan kashe 'yan tsiraru a wurin cin abinci? Da wannan dare ɗaya ya kashe wutar yaƙin Arewa. Shekara kusan 20 yana waziri a zamanin Aerys, ƙasa na zaune lafiya, baitulmali cike. Robert da kuke so saboda yana da fara'a, shi ya bar masarauta da bashin zinariya miliyan shida, rabi ma na Tywin ɗin ne.

Talakan_Birni:
Alhaji, 'yan tsiraru a ina? Ka manta sansanin da ke waje? Dubban sojojin Arewa aka yanka suna cikin maye a tantunansu. Lissafin Tywin masu sarauta kawai yake ƙirgawa, kai ma ka biye masa. Kuma wa ya fara yaƙin da ya “kashe wutarsa”? Shi ya tura Gregor Clegane ya ƙone ƙauyukan yankin koguna don an kama Tyrion, ɗan da ba ya ko ƙauna. Mutanensa ne suka kashe Elia Martell da 'ya'yanta ƙanana. A Harrenhal da ya hana a ci gaba da azabtar da fursunoni da ɓeraye, ba tausayi ba ne, cewa ya yi ana asarar ma'aikata.

Gaskiyar magana ɗan wasan da ya fito a matsayinsa, Charles Dance, kuke so, ba Tywin ba. Murya, tsayuwa, kallo. Da wani mummuna mai ƙaramar murya aka ba rawar da tuni kun haɗa shi da Walder Frey.

Malam_Na_Littafi:
Ƙarin bayani kan wannan. Hirarrakin Tywin da Arya a Harrenhal, waɗanda suka sa mutane da yawa suka fara ganinsa kamar kaka mai hikima, babu su a littafi. Can Roose Bolton ta yi wa hidima. Masu fim ne suka haɗa su, kuma sun yi kyau ƙwarai, amma sun wanke shi.

Kisan bikin kuma Martin ya ce daga tarihin Sikotlan ya ɗauko. A 1440 an gayyaci matashin shugaban gidan Douglas da ƙaninsa cin abinci a fadar Edinburgh, aka fitar da su aka sare. A 1692 a Glencoe sojoji suka kwana kusan mako biyu a gidajen 'yan ƙabilar MacDonald suna cin abincinsu, sannan suka tashi da asuba suka karkashe su. Abin da ya sa har yau ake tuna waɗannan ba yawan gawa ba ne, cin amanar baƙunci ne. Amsar tambayar Tywin ke nan, Alhaji: in aka kashe baƙo a kan tabarma, gobe babu wanda zai yarda ya zauna sulhu, sai yaƙi ya ƙi ƙarewa.

Alhaji_Lissafi:
Malam, hujjar da Amurka ta kafa ke nan a kan Hiroshima a 1945, cewa an gajarta yaƙi an ceci rayuka, kuma har gobe akwai masana da ke kare ta. Ni dai na ce mai mulki ba limami ba ne.

Ɗan_Damagaram:
To Alhaji, in ka karɓi wannan hujja ga Tywin, dole ka karɓa wa Daenerys. Ita ma cewa ta yi tsoro ne zai zaunar da ƙasa, kuma jinƙanta na 'ya'yan da za a haifa gobe ne.

Alhaji_Lissafi:
A'a. Ita ta riga ta ci yaƙi sannan ta yi kisa. Wannan ɓarna ce, ba siyasa ba.

Gimbiyar_Arewa:
Akwai abin da kuke ta kewayewa. Ned Stark ya sare kan wanda ya gudu daga Katanga a kashi na farko, mutumin da gaskiya yake faɗa kan abin da ya gani, aka ce Ned mai mutunci ne. Robb ya sare Karstark, aka ce adali. Jon ya sare Janos Slynt yana kuka yana roƙo, don kawai ya ƙi bin umarni, aka yi tafi. Daenerys ta ba Randyll Tarly zaɓi, mutumin da ya ci amanar gidan Tyrell ya washe Highgarden, Tyrion ya kawo shawarar a kai shi Katanga shi da kansa ya ce ba sarauniyarsa ba ce balle ta tura shi. Ta kashe shi, sai aka fara cewa haukan ubanta ya motsa. Namiji in ya yi kisa hukunci ne, mace in ta yi taɓin hankali ne.

Sarkin_Gardama:
Arya mace ce, ta yanka 'ya'yan Walder Frey ta dafa ta ba uban ya ci, ta dawo ta shayar da mazan gidan guba gaba ɗaya. Sansa mace ce, ta sakar wa Ramsay karnuka ta tafi tana murmushi. Wa ya ce musu mahaukata? Sai ma kirari. Ba maganar mace ba ce, maganar 'yan gida ce. In Stark ne ya yi, daidai ne.

Gimbiyar_Arewa:
Su ba su nemi karagar ƙarfe ba, shi ya sa aka ƙyale su.

Yaron_Malam:
Jama'a fim ne fa. Dodanni ne da matattu masu tafiya. Ku kuna ta zuba kamar a kotu. Ni wanda ya fi burge ni shi nake bi, ba ruwana da halinsa.

Anti_Larai:
Yaro, ba a hana ka ba. Ni ma Cersei tana burge ni, Lena Headey ta iya wasa, kuma ranar da aka zagaya da ita tsirara a gari ana jifanta sai da na tausaya mata. Amma burgewa daban, wankewa daban. A Amurka a 2018 jarirai sama da 500 aka raɗa wa suna Khaleesi. Ka ga abin ya wuce allo ya shiga gidan suna.

Bazazzagiya:
Ina ta karatu ban ce komai ba, amma maganar Gimbiya ta tuna mini da tamu. Sarauniya Amina muna alfahari da ita, ga makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai da sunanta, ga ganuwar Amina. Tarihin Kano ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nupe, Sarkin Nupe ya aiko mata babanni 40 da goro 10,000. Mukan karanta wannan mu ji daɗi. Ba mu taɓa tsayawa mun ce su waye mutum 40 ɗin nan, wa ya raba su da iyayensu ba. Ga kuma labarin da ake bayarwa cewa duk garin da ta ci takan kwana da namiji, da safe a kashe shi. A bakin masu ba da labari wannan ma jarumta ce.

Malam_Na_Littafi:
'Yar'uwa, na babanni da goro yana rubuce. Na kashe maza kuwa hikaya ce ta baka, kada mu ɗora mata shi a matsayin tabbas.

Bazazzagiya:
Ko hikaya ce, Malam, mu muka zaɓi mu riƙa ba da ita da sigar yabo.

Kwamared:
Ai ba sai an je zamanin Amina ba. Ku duba yadda muke yi da shugabanninmu na yanzu, in ɗan jam'iyyarmu ne ko ɗan yankinmu...

Admin:
Kwamared, tsaya nan. Dokar gida ba siyasa. A koma Westeros, ƙasar da ke cikin fim ɗin.

Ɗan_Damagaram:
To mu koma, amma shekara kusan 200 baya. House of the Dragon ya fito a 2022, mutane suka rabu Baƙaƙe (masu goyon bayan Rhaenyra) da Koraye (masu goyon bayan Aegon), abin ya zama irin na gidan kallon ƙwallo: in an ba ku fanareti alƙali adali ne, in an ba su an saye shi. Rhaenys ta fasa ƙasan ɗakin taro da dodonta ranar naɗin Aegon, ta tattake talakawan da aka koro su dole su zo kallo, sannan ta tsaya gaban gidan sarauta ta ƙi ƙone su. Sai aka yi ta yabonta wai ta nuna dattaku. Da aka tambayi ɗaya daga cikin marubutan, Sara Hess, cikin raha ta ce a wannan duniyar talakawa ba sa cikin lissafi. Aƙalla ita ta faɗi gaskiya.

MamanIlham:
Amma Koraye ne suka fara. Sun ƙwace karagar da Viserys ya bar wa Rhaenyra, Aemond ya kashe mata ɗa.

Talakan_Birni:
Maman Ilham, ga shi nan kin shiga layi. Daemon ya kashe matarsa ta farko da dutse. Shi da Rhaenyra suka sa aka kashe wani bawan Allah mai hidima aka jefa gawarsa a wuta don a ce Laenor ne, su samu su yi aure. Daemon ya ɗauki hayar mutum biyu, suka shiga suka yanke kan ƙaramin yaro Jaehaerys a gadonsa. Rhaenyra ta tara shegun gidan Targaryen ta tura su gaban Vermithor, masu gadi suka tare hanya, aka ƙone su da yawa don ta samu mahayi. Can ɓangaren kuma Aegon ya rataye duk masu kama ɓerayen fada saboda ɗaya daga cikinsu. Wanne ne na Allah a nan? Ni da ina birnin nan, da masu jifa da ruɓaɓɓen kifi zan bi.

Malam_Na_Littafi:
Abin da ke ba ni mamaki, marubucin da kansa ya yi gargaɗi. Martin mutum ne da ya ƙi zuwa yaƙin Biyetnam saboda aƙida. A wata hira a 2014 ya soki yadda Tolkien, marubucin The Lord of the Rings, ya rufe labarin sarki Aragorn da cewa ya yi mulki da hikima, ya tambaya: to yaya tsarin harajinsa yake, kuma me ya yi da jariran maƙiyansa? Wato labarin gaba ɗaya tuhuma ce ga mai cewa a ba ni karaga ni ne na gari. Mu kuma muka zo muka zaɓi namu na garin muka ɗinka masa tuta.

Sarkin_Gardama:
Malam, kada ka wanke masu fim. Ba za ka shekara takwas kana nuna mini ƙone mutane da kiɗa mai daɗi, kana sayar da riguna da hoton dodo, sannan a kashi na ƙarshe ka sa Tyrion ya zauna a kurkuku yana yi mini wa'azi wai laifina ne da na yi tafi ba. Ku kuka kaɗa gangar.

Bakatsine01:
Sarki, sun kaɗa, amma ƙafar wa ta yi rawa? Har yanzu ba wanda ya ba ni ma'auni ɗaya da zai kama Cersei ya saki Daenerys, ko ya kama Daenerys ya saki Arya.

Gimbiyar_Arewa:
Na ba ka tun farko, Yaya, ka ƙi karɓa. Ka duba wa aka kashe, kuma don wa. Cersei ba ta taɓa 'yanta ko mutum ɗaya ba. Babanni 8,000 na Astapor da aka ce kowa ya kama gabansa suka zaɓi su bi Daenerys, su ka je ka tambaya.

Talakan_Birni:
Su ɗin ne dai suka yanka fursunoni a titin King's Landing bisa umarninta.

Anti_Larai:
Ni abin da ya fi ba ni haushi ma ba a taɓo shi ba. Bayan duk wannan jini, manya suka zauna zaɓen sarki, Sam ya miƙe ya ce me zai hana a bar kowa da kowa ya zaɓa. Suka fashe da dariya, wani ya ce to a ba karnuka ma ƙuri'a, wani ya ce bari ya tambayi dokinsa. Waɗannan su ne mutanen kirkin da suka rage. Sannan aka ɗauki Bronn, sojan haya da ya taɓa cewa in kuɗi ya yi kuɗi zai iya kashe jariri, aka ba shi Highgarden da baitulmali.

Alhaji_Lissafi:
Hajiya, Bronn dai bai taɓa yi wa kowa ƙaryar cewa shi mai ceto ne ba. Ni da a ba ni mai wa'azi da dodo gara a ba ni shi.

Kwamared:
Da an bar wa Stannis karagarsa tun zango na 2 da duk ba a kai nan ba. Tyrion ne ya ƙone masa jirage da koriyar wutar nan da kuke zagin Cersei a kanta, dubban mutane suka ƙone a ruwa, kuma ban ji wanda ya kawo sunansa a cikin masu laifi ba tun da aka fara maganar nan.

MamanIlham:
Kai Kwamared, Tyrion kuma? Shi ai kare gari yake yi.